Ni da Surukaina a Tsibirin Gberefu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa tsakanin mutum da surukansa akwai wani shinge wanda ya fi ganuwar birni wuyar tsallakewa. Mutum ba ya kama sunan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya miƙe ƙafa a inda yake zaune. In kuwa ya hango surukarsa tafe a kan hanya, ko dai ya ratse ya bi wani lungu, ko ya tuɓe takalma ya durƙusa tun daga nesa. Waɗanda suka tsara mana wannan al'ada mutane ne masu zaure da soro da faɗin gari, inda kowa yake da wurin kaucewa. Lalle ba su yi tunanin kwale-kwale ba sa'ad da suke tsara ta, kamar yadda mai karatu zai gani nan gaba kaɗan.

Surukaina Hausawan Agege ne, a can Ikko. Mahaifin Alhaji, watau kakan matata, cinikin goro ne ya kai shi can, tun zamanin da ake loda huhunan goro a tashar jirgin ƙasa ta Agege ana aikawa da su Kano. Ni kuwa daga gidan malamai na fito, irin gidajen nan da in aka tashi ƙirga kakanni sai an kai na bakwai ba a yi tuntuɓe ba. A ƙarshen shekarar 2023 muka je musu hutu, ni da uwargida da yaranmu biyu. Ƙanen matata, wanda ke karatun tarihi a jami'a, shi ya kawo shawarar a kai yara Badagiri su ga teku, su kuma ga tsibirin da ake fita da bayi ta cikinsa. Ni na ɗauka tafiyar yara ce, mu rakiya ce tamu. Sai ga shi da daddare Alhaji ya aiko a gaya mana a bar masa kujera a mota, shi da Hajiya. Kowa ya yi mamaki, domin mutumin nan ya haura shekara saba'in, kusan duka a Ikko ya yi su, amma in ba kasuwa ko masallaci ko jana'iza ba, ba a san shi da fita ba.

Da sassafe muka kama hanya a wata ƙaramar bas da aka yi shata. Muka bi ta Iyana Ipaja, muka ɓulla Iyana Iba, sa'an nan muka hau babban titin da ya nufi iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, muka wuce Okokomaiko da Agbara. Zancen cunkoso da shingayen masu kaki ba sai na ɓata wa mai karatu lokaci da shi ba. A motar dai al'ada ba ta sha wuya ba: Alhaji yana gaba kusa da direba, mata suna tsakiya, ni kuwa na lafe can baya tare da ƙanen matata da kulolin abincin Hajiya, babu mai ganin idon wani.

Badagiri tsohon gari ne na mutanen Ogu, waɗanda wasu ke kira Egun, sarautar garin kuwa Akran ake ce mata. Yana kwance a bakin wani dogon ruwa mai kama da kogi, wanda ya raba shi da tekun Atilantika, ko'ina ka duba kuma itatuwan kwakwar Attagara ne. An fara kai mu wani gidan bene da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda mutanen garin ke alfahari da shi a kan cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Ban ja da mai yi mana jagora ba, ko da yake a zuciyata na tuna da sorayen Kano da Katsina masu hawa biyu, waɗanda suka girmi wannan gida nesa ba kusa ba. Yara suka hau suka sauko, muka yi gaba.

Inda muka daɗe shi ne gidan Seriki Abass. Kalmar Seriki ɗin nan ba wata ba ce illa sarki tamu ta Hausa, Yarbawa suka ara, shi kuwa Sarkin Musulmin Badagiri ne a zamaninsa, ya rasu a 1919. Labarinsa abin al'ajabi ne: shi kansa an kama shi yana yaro an sayar, ya yi bauta, da ya sami kansa kuma sai ya shiga cinikin bayi ya yi arziki da shi. A cikin gidan akwai 'yan ɗakuna arba'in inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. An buɗe mana ɗaya muka shiga. Mu takwas ne, ko minti biyu ba mu yi ba gumi ya karyo wa kowa, domin babu taga sai wani ɗan rami can sama kusa da rufi. Mai jagora ya ce mutum arba'in ake zubawa a ciki. Ya nuna mana wata tsohuwar laima ya ce da bayi arba'in aka musanya ta.

Sai aka fito da sarƙoƙi. Al'adar wurin ita ce baƙo ya rataya ta wuya a ɗauke shi hoto, ƙanen matata kuwa har ya rataya yana dariya, ya ɗauko wata ƙarama zai sa wa ɗana. Hajiya ta daka masa tsawa, ta ce, "Kul! Kada ka sake ka sa wa mijina wannan abu." Ta jawo jikan nata ta rufe shi da mayafi. Shi kuwa Alhaji wani ƙarfe ya ɗauka na ƙafa, ya jujjuya shi a hannu kamar yadda yake duba goro, sa'an nan ya ce da mai jagora, "Wannan ai mari ne. Ba sai an kawo shi daga Turai ba, maƙeranmu ma suna yin irinsa." Ya ajiye, ya goge hannunsa da gefen riga.

A nan ina so in ɗan ratse. Mu ɗaliban Hausa in aka ce bauta, hankalinmu arewa yake tafiya. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kowannenmu ya karanta tun a sakandare, hamada ya nuna mana, da ayarin raƙuma, da ƙasashen Larabawa. Hanyar kudu kuwa mun bar wa Yarbawa da Inyamurai, kamar babu ruwanmu da ita. Alhali kuwa bayan an fara jihadi a 1804, fursunonin yaƙi masu yawa daga ƙasar Hausa ta Nufe da Oyo aka gangara da su zuwa bakin teku. Badagiri ta yi tashenta ne a ƙarni na 18, daga baya Ikko ta ƙwace mata kasuwa, amma duk bakin gaɓa ɗaya ne, kuma galibin jiragen Bahiya suka nufa, a ƙasar Barazil. Hausawa sun yi yawa a can har suka shirya tawaye a 1807, suka sake tayarwa a 1809 da 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, Yarbawa ne suka fi yawa, amma da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu masu rubutun Larabci. Har wa yau daga Badagiri ɗin nan ne Kyaftin Kilafatan ya tashi a watan Disamba na 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1827. Tafintansa a wannan tafiya wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa suna kiransa Fasko, wanda shi ma an taɓa sayar da shi a bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace shi daga cikin jirgin bayi. Ashe ke nan ƙafar Bahaushe ta daɗe da sanin rairayin wannan wuri, wasu da takalmi, wasu da mari.

To, daga gidan Seriki sai bakin ruwa. Tsibirin Gberefu ga shi can ana hange, tsallakawar 'yan mintoci ce a kwale-kwale mai inji. Aka raba mana rigunan nan masu hana nutsewa. Alhaji ya ɗora tasa a kan babbar riga, jikarsa ta dube shi ta tuntsire da dariya, ya ce, "Amarya, dariya kike yi wa angonki?" Matsalar da ta taso ita ce mai jirgin shi ke zaunar da mutane, shi kuwa nauyi yake dubawa don kada jirgi ya karkata, bai san wata aba wai ita kunya ba. Na yi ta noƙewa ina so in zama na ƙarshe, ai kuwa na ƙarshen shi ya sami gurbin da ya rage, watau daidai gaban Hajiya, gwiwa tana kusan taɓa gwiwa. Shekara tara ina auren 'yarta, ban taɓa sanin tana da zane a kumatu ba sai ran nan. Na sunkuyar da kai ina ƙirga kusoshin jirgi, ita kuma ta juya tana kallon ruwa. Ƙanwar matata, wadda dama abokiyar wasa ce, tana gefe tana ta gyaran murya.

Muna tsakiyar ruwa wani jirgi ya wuce mu a guje, igiyar ruwansa ta ɗaga namu ta sauke. Hajiya ta yi salati ta cafke hannun rigata da hannu biyu, ba ta kuwa saki ba har muka taɓa gaɓa. Da muka sauka ta gyara mayafinta ta yi gaba, ni ma na tsaya ina kakkaɓe takalmi da babu komai a jikinsa. Har yau babu wanda ya ta da wannan zance tsakanina da ita, sai dai ƙanwar matata, wadda ba ta gajiya da shi.

Daga inda jirgi ya ajiye mu zuwa bakin teku tafiya ce ta kamar rabin sa'a a ƙafa, cikin rairayi, ta tsakiyar itatuwan kwakwa. Akwai masu babur da ke ɗaukar mutane. Aka ɗora Hajiya da ƙaramar yarinya, amma Alhaji ya ƙi hawa, ya ce waɗanda suka bi hanyar nan da fari ba a goye suka bi ta ba. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya. Mai jagora ya ce magani aka zuba a cikinta, duk bawan da aka shayar da ruwanta sai ya manta garinsu da iyayensa, ya shiga jirgi ba gardama. Ni dai ban gaskata ba. Wanda aka kwana arba'in ana kora da bulala, aka jefa shi cikin mutanen da ba ya jin harshensu, ba ya bukatar wani magani kafin ya yi shiru. Alhaji ya daɗe yana leƙa rijiyar, sa'an nan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da ma da gaske akwai irin wannan ruwa, da wasu sun huta."

Tun kafin mu ga teku muka fara jin rurinsa. Da muka ɓulla, yara suka tsaya cik, ɗana ya tambaye ni ina ɗaya gaɓar take. An kafa alama a wurin, sunansa kuma da Turanci yana nufin inda in an wuce ba a komowa. Ruwan wurin yana da ƙarfi ƙwarai, ba na wanka ba ne, saboda haka iyakar idon sawu aka yarda yara su shiga.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar wata rumfa, Hajiya ta buɗe kuloli: waina da miyar taushe, da soyayyun kaji, da dambun nama, da zoɓo mai sanyi. Tun asuba ban sa komai a bakina ba, amma da aka miƙo mini na ce alhamdu lillahi, a ƙoshe nake. Hajiya ba ta ce komai ba. Jim kaɗan sai ga autarta ta zo ta ce in taso in duba mata wani abu a wayarta can bayan rumfa. Da na je na tarar da kwano a rufe a gindin kwakwa, da cinyar kaza biyu a kai. Irin wannan dabara ta iyayenmu mata ba a koyar da ita a kowace jami'a.

Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan teku, Alhaji yana gaya wa ɗansa cewa malamai sun tabbatar ruwa ne mai tsarki, kada ya yi shakka. Ya ce in shige gaba, na ce ina, ya ce, "Malam, shige mana." Na ja salla, teku yana dama da mu. Da muka sallame kowa ya watse, ni ma na yunƙura zan tashi, sai ya dafa gefen dardumarsa ya ce in zauna. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ya sake dafawa. Na hau.

Ya ce sa'ad da yake yaro an aika shi Kano karatun allo, kuma a ɗakin kakarsa, mahaifiyar babansa, ya yi shekara shida yana kwana. Ya ce tsohuwar nan ba Bahausa ba ce. Tana yarinya, ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, mahara suka faɗa wa ƙauyensu a wani dutse can kudu, suka kama ta tare da wanta. Tare aka kawo su kasuwa a Kano. Ita wani bafatake ya saye ta ya kai ta gidansa, daga baya ta haifa masa ɗa. Wan nata kuwa wasu masu zuwa Kurmi suka saye shi, tana kallo aka ɗaura masa igiya aka tafi. Sunan da aka san ta da shi a unguwa na gidan ubangijinta ne, irin sunayen nan na godiya da ake laƙaba wa bayi. Nata na yanka sau ɗaya ta taɓa faɗa masa, da na wanta, wata rana da zazzaɓi ya rufe ta. Ya ce har ta rasu, in ta ji an ce ga fatake sun dawo daga kudu, sai ta aike shi ya tambayo ko sun ga wani mai zane irin nata. Kullum abin da take cewa shi ne an ƙetare ruwa da shi.

"Shekara saba'in ina jin ana cewa ga wurin nan," in ji Alhaji, "ban iya zuwa ba."

Ashe ƙanen matata yana tsaye a bayanmu. Da yake yaro ne mai karatu a ka, sai ya ce, "Amma Baba, ai a lokacin an daina fita da bayi ta teku. Barazil ta hana shigo da su tun 1850." Gaskiya ya faɗa, ni ma na san haka. Yarinyar da aka kama 'yan shekaru kafin Turawa su ci Kano a 1903, wanta ba zai shiga jirgin Bahiya ba. Ya fi kama da a ce ya ƙare a gonar wani a Ilori ko Ibadan, inda bayi daga arewa suke da yawa a wancan zamani. Amma ban ga abin da wannan gyara zai ƙara wa dattijon ba a wannan sa'a, don haka na yi shiru. Alhaji bai yi fushi ba. Ya dubi ɗansa ya ce, "To, Malam mai tarihi. Ko ma ina aka kai shi, ya dawo?" Yaron ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ɗaga hannu, muka yi wa tsohuwar da wanta addu'a, ya kama sunayensu na ainihi ya faɗa da ƙarfi har sau uku, don jikokinsa su ji. Ba zan rubuta su a nan ba, na gidansu ne.

Mai karatu zai ce to, mene ne abin nauyi a cikin wannan labari, tun da abu ne da ya wuce fiye da shekara ɗari? Wanda ya taɓa zama a zauren da ake maganar aure ba zai yi wannan tambaya ba. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungum a Arewa. Amma kalmomin suna nan da ransu: bacucane, ɗan baiwa, mutanen rinji. Har gobe akwai gidajen da in yaro ya kawo maganar yarinya, kafin a tambayi halinta sai an aika a binciko asali, kuma na san aure fiye da ɗaya da ya mutu a kan wannan kalma tun ba a kai ga sa rana ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a manyan gidajen da suka fi kowa tsananta wannan bincike ne ƙwaraƙwarai suka fi yawa, sarakuna nawa ne kuwa aka haifa a ɗakin sa-ɗaka? Alhaji ya san irin gidan da na fito. Ya san kuma cewa 'ya'yana, waɗanda ke can suna tsere da igiyar ruwa, wata rana su ma za a aika a binciko nasu. Da wannan sanin ya zaunar da ni a kan dardumarsa.

Ya ciro goro daga aljihu, fari ƙal, ya ɓare ya miƙo mini rabi. Ya ce, "In ka koma gida, wanda ya tambaye ka ka gaya masa. Ban ce ka ɓoye ba." Na karɓa da hannu biyu. Ya tsaya yana kallona har sai da na kai shi baki, shi ne abu na farko da na taɓa ci a gabansa.

A komowa mai jirgi ya sake zaunar da mu yadda ya ga dama, wannan karon kusa da Alhaji na faɗa. Hajiya ta sayi kwakwa ta cika bayan mota. Yara suka yi barci tun kafin Agbara, ba mu shiga Agege ba sai bayan lisha. Da daddare na tambayi uwargida ko ta san labarin. Ta ce ta san dai akwai wata kaka da ba a cika zancenta ba, amma sunanta sai yau ta ji.

Bayan mun dawo gida da mako guda na je gaida baffana, wanda shi ya karɓa mini aure, shi ne kuma ya aika Kano bincike a wancan lokaci. Ya tambaye ni mutanen Ikko, na ce suna gaishe shi, sa'an nan na kwashe labarin tsibiri na gaya masa, ban rage komai ba. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Mun ji wannan tun kafin a kai gaisuwa. An yi ta ka-ce-na-ce a zauren nan har kwana uku. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya ce duk wanda ya sake ta da maganar ya fara kawo masa sunan uwar kakanmu, da garin da aka auro ta." Na ce, "To, Baffa, an kawo?" Ya ce shayina yana hucewa. Sa'an nan ya gyara zama ya tambaye ni ko da gaske ne ruwan teku gishiri gare shi har ba ya shayuwa.